Makabartun tsohon yammacin Amurka: wa ke kwance ƙarƙashin allon?

Sadiq_Fagge
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga masu nazarin tarihin Amurka ce. A makabartun tsofaffin garuruwan haƙar ma'adinai na yammacin ƙasar, irin Boothill ta garin Tombstone a Arizona, akwai alluna ɗauke da sunan mamaci da shekarar mutuwarsa, wani ma har da abin da ya kashe shi: an harbe, an rataye, an soke. Shin za a iya dogaro da waɗannan alluna? In ba za a iya ba, ta yaya ake tabbatar da wanda ya rayu ya mutu a wurin da babu asibiti babu rajista? Ni dai abin da nake gani, yawancin mutanen can bindiga ce ajalinsu.

Malam_Sabo_Tarihi
Wa alaikumus salam Sadiq. Allunan da ke Boothill yau ba su ne na asali ba. An yi amfani da makabartar daga wajen 1878 zuwa 1884, sannan garin ya buɗe sabuwa, aka bar tsohuwar ta zama kango. Allunan farko na katako ne, rana da gara suka cinye wasu, baƙi suka kwashe wasu. Sai daga shekarun 1920 zuwa na 1940 mutanen garin suka share wurin, suka bi tsofaffin jaridu da takardun hukuma da bakin dattawa suka sake kafa alamu. Kaburbura kusan 250 ne, kuma da dama an rubuta musu "ba a san shi ba". Saboda haka sunan yana iya zama gaskiya, tulin duwatsun ma kabari ne na gaske, amma haɗa wannan suna da wannan tuli a wurare da yawa kintace ne.

Ga misali guda. John Heath, wanda gungun mutane suka fitar daga kurkuku suka rataye a turken wayar tangarahu ranar 22 ga Fabrairu 1884 saboda fashin garin Bisbee, yana da allo a Boothill. Gawarsa kuwa garin Terrell na Texas aka kai ta. Shi kuma Lester Moore, wanda allonsa ya fi kowane shan hoto saboda baitin da ke jikinsa, masu bincike ba su samu takardar da ta nuna an kashe mai wannan suna a yankin ba.

Binta_Gwammaja
Ikon Allah. To mutum ukun da aka kashe a sanannen faɗan bindigar nan na O.K. Corral a Tombstone fa, Malam?

Malam_Sabo_Tarihi
Waɗannan suna nan, Malama Binta. Billy Clanton da Tom McLaury da Frank McLaury, 26 ga Oktoba 1881. Jana'izarsu gari ya fito, jaridu sun rubuta, har hoton gawarwakin cikin akwatuna yana nan. Irin wannan shi ne kabari mai shaida uku huɗu.

Likita_Nafisa
Bari in taɓa ƙarshen maganar Sadiq, don nan ne kuskuren ya fi girma. Cuta ta kashe mutanen yamma fiye da bindiga nesa ba kusa ba. A hanyar Oregon da Kalifoniya, wadda masu ƙaura zuwa yamma ke bi da kekunan shanu, kwalara ce ta yi ɓarna tsakanin 1849 da 1852, musamman a gefen kogin Platte, inda dubban matafiya ke sauka a zango ɗaya, su yi bahaya kusa da inda na bayansu za su haƙa ramin ruwan sha. Mutum zai karya kumallo lafiya, kafin dare ya cika. A garuruwa kuma tarin fuka ne, da taifot, da mashaƙo, da agana, da ƙyanda, da gudawar jarirai lokacin zafi, da mutuwar mata wajen haihuwa. Idan ka ga duwatsu uku ko huɗu na yaran gida ɗaya, kwanakin mutuwarsu cikin mako biyu, mashaƙo ne abin da za ka fara zargi.

Mahaƙa kuma suna da tasu cutar. Da aka shigo da injin huda dutse mai aiki a bushe, ƙurar dutsen takan cika huhu, mutum ya mutu cikin 'yan shekaru. A takarda sau da yawa tarin fuka ake rubutawa, domin cututtukan biyu suna tafiya tare kuma likitan lokacin ba shi da hoton ƙirji da zai raba su.

Garba_Tudun_Wada
Likita ta yi gaskiya. Masanin tarihi Robert Dykstra ya ƙirga kisan kai a manyan garuruwan cinikin shanu biyar na Kansas, wato Abilene, Ellsworth, Wichita, Dodge City da Caldwell, daga 1870 zuwa 1885. Abin da ya samu 45 ne kacal.

Injiniya_Haruna
Malam Garba, a yi hattara da wannan adadi. Garuruwan nan ƙanana ne, wasunsu mazauna dubu ɗaya ne ko biyu. Kisan mutum biyu a shekara a garin mutum dubu ba ƙaramin abu ba ne in ka auna shi da yawan jama'a. Maganar Likita tana nan daram, cuta ce kan gaba, amma kada mu mayar da wurin gidan zaman lafiya.

Hajiya_Rabi_Taska
Ku bar ni in koma kan ainihin tambayar, wato yadda ake tabbatarwa. Abu na farko da mai bincike zai sani, jihohin yamma sun makara wajen rajistar mutuwa ta jiha baki ɗaya. Oregon ta fara a 1903, Kalifoniya 1905, Arizona 1909, Nevada da Kansas 1911. Wanda ya mutu kafin nan, kada ka ɓata lokaci kana neman takardar shaidar mutuwarsa a babban birnin jiha.

Inda za ka fara shi ne ƙidayar jama'a ta tarayya. A ƙidayar 1850, 1860, 1870 da 1880 akwai takarda ta daban da malamin ƙidaya ke cikewa da sunayen waɗanda suka mutu a gidan cikin watanni 12 kafin 1 ga Yuni na shekarar. Tana ba da suna, shekaru, inda aka haife shi, sana'a, watan mutuwa da musabbabi. Matsalarta biyu ce. Shekara ɗaya kawai take rufewa a cikin goma, wanda ya mutu a 1875 ba zai fito ba. Sannan sai an samu mai ba da labari. Gwauron mahaƙi da ya mutu a ɗakin haya, abokansa sun tashi sun bi sabon zinare, wa zai faɗi sunansa? Colorado, Nebraska, New Mexico da Dakota sun yi ƙidaya ta musamman a 1885 mai irin wannan takarda, tana taimakawa. Ta 1890 kuwa, kusan dukkanta ta salwanta sanadin gobarar Janairu 1921 a Washington, shi ya sa tsakanin 1880 da 1900 ake da wawakeken giɓi.

Bayan ƙidaya sai kotun gunduma. Nan za ka nemi fayil ɗin rabon gado, wanda galibi yake ɗauke da ranar mutuwa, sunayen magada da garuruwansu, har da rasiɗin mai akwatin gawa da na mai haƙa kabari. Idan mutuwar ta ba-zata ce, akwai rahoton jami'in binciken gawa tare da bayanan shaidu. Sai fayil ɗin filin noma: dokar 1862 ta bai wa mutum eka 160 in ya zauna ya noma shekara biyar, kuma in ya rasu kafin wa'adin, matarsa ce ke kammalawa, dole ta bayyana mutuwarsa ta kawo shaidu biyu. Haka fayil ɗin fanshon matan sojojin yaƙin basasa, shi ma sai an tabbatar da aure da ranar mutuwa. Waɗannan biyun suna taskar tarihi ta ƙasa.

Ɗan_Damagaram
Hajiya, sannu da ƙoƙari. Jarida fa? Ina jin ita ce mafi sauƙi tunda ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya zuba tsofaffin jaridu a intanet kyauta.

Hajiya_Rabi_Taska
Mafi sauƙi ce, ɗan'uwa, amma tana da tarko. Kwamfuta ce ke karanta hoton shafin, in tawada ta dushe sai ta mayar da suna wani abu dabam. Ka nemi sunan da rubutu iri uku ko huɗu, in bai fito ba ka buɗe fitowar makon ka karanta da idonka. Kuma jaridun ba kowa suke ambata da suna ba. Attajiri ko ma'aikacin hukuma zai samu rabin shafi. Ɗan Meziko ko Basine sau da yawa layi ɗaya ne, "an tsinci gawar wani ɗan Sin", shi ke nan. Ga 'yan Meziko, littattafan binnewa na cocin Katolika sun fi jarida amfani sosai, a New Mexico ma wasunsu sun girmi mulkin Amurka a wurin.

Alhassan_Kumasi
Tunda Hajiya ta ambaci Sinawa. Su akwai dalilin da ya sa kaburburansu da yawa babu kowa a ciki. Yawancinsu 'yan lardin Guangdong ne, kuma burinsu ƙashinsu ya koma ƙauyensu. Tun suna raye suke biyan kuɗi ga ƙungiyar 'yan garinsu. In mutum ya mutu sai a binne shi ba da zurfi ba, a sa bulo ko takarda cikin kwalba mai sunansa da ƙauyensa. Bayan 'yan shekaru masu tono su zo, su wanke ƙasusuwan, su shanya, su ƙirga, su zuba a ƙaramin akwatin ƙarfe, a tura San Francisco, daga nan jirgin ruwa zuwa asibitin Tung Wah na Hong Kong, shi kuma ya rarraba zuwa ƙauyuka. Yaƙin Japan da Sin daga 1937 da canjin mulki na 1949 suka tsayar da abin. Mata da yara galibi ba a tono su, su ne suka rage a wurin. Abin da ido ke gani yau shi ne ramuka da suka lotsa da murhun bulo inda ake ƙona takardun sadaka ga mamaci.

Wani abin da ke rikita bincike: malaman ƙidaya suna rubuta "Ah Sing", "Ah Lee". Wannan "Ah" ba sunan dangi ba ne, ƙari ne da ake sa wa gaban suna wajen kira. Shi ya sa sunayen Sinawa mahaƙan kwal 28 da aka kashe a Rock Springs ta Wyoming ranar 2 ga Satumba 1885 suke da wuyar haɗawa da iyalansu.

Ummu_Khalil
Ina bin muhawarar nan, kuma har yanzu babu wanda ya ambaci masu ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a wurin. Duk wannan "yamma" da ake cewa an buɗe, gidan mutane ne. A Wounded Knee ta Dakota ta Kudu, sojoji sun kashe 'yan ƙabilar Lakota ranar 29 ga Disamba 1890, maza da mata da yara. Bayan kwanaki aka kwaso gawarwaki 146 da sanyi ya daskarar aka zuba a dogon rami guda. Gwamnati ba ta rubuta sunayensu a kai ba. Waɗanda suka tsira da danginsu ne suka tara kuɗi suka kafa dutse mai sunaye a 1903. A Sand Creek ta Colorado, inda aka kashe 'yan Cheyenne da Arapaho ranar 29 ga Nuwamba 1864, ainihin wurin ma sai a ƙarshen shekarun 1990 aka tabbatar da shi, da taimakon labaran da jikoki suka riƙe a baki. An buɗe shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 2007.

Kuma suna da nasu rubutun. Lakota suna zana hoto ɗaya a kan fata wa kowace shekara, abin da ya fi girma a shekarar: mutuwar wani shugaba, annobar agana, yunwa. Masana suna daidaita waɗannan fatu da kalandar Turawa ta hanyar shekarar da taurari suka zubo, Nuwamba 1833, domin kusan duk fatun sun zana ta. Daga nan sai a ƙirga gaba da baya.

Malam_Sabo_Tarihi
Allah ya saka da alheri, Ummu. In ƙara, dokar tarayya ta 1990 ta tilasta gidajen tarihi da jami'o'in da ke karɓar kuɗin gwamnati su lissafa ƙasusuwan 'yan asalin ƙasar da ke hannunsu su mayar wa ƙabilunsu. Har yau aikin bai ƙare ba.

Danladi_Safiyo
Kan batun kabarin da ba shi da alama, akwai aikin na'ura. Ana amfani da rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa. Ba ƙashi take gani ba, ramin take gani, domin ƙasar da aka tona aka mayar ba ta komawa yadda take. Ana share ciyawa, a ja igiya a yanka filin layi-layi, tazarar santimita 25 zuwa 50, a tura na'urar mai ƙarfin megahaz 250 zuwa 500 a kan kowane layi. Dole layukan su ratsa kabarin ta faɗinsa. Kaburburan Kiristoci galibi gabas da yamma suke kwance, don haka layuka kudu da arewa za su bi. Kabarin babba zai fito a layuka da yawa a jere, abin da ya fito a layi ɗaya tak yawanci dutse ne ko saiwa ko ramin dabba.

Inda aikin ke lalacewa shi ne ƙasa mai yumɓu ko mai gishiri, tana shanye siginar kafin ta kai mita ɗaya. Kabarin jariri kuma ƙarami ne, in ka buɗa tazara zuwa mita ɗaya don sauri za ka tsallake shi, kuma su ne suka fi yawa. Kafin ma a kawo na'ura, a je da sassafe ko gab da faɗuwar rana, inuwa tana nuna lotsawar ƙasa a jere.

A hanyar Oregon kam ko na'ura ba ta cika taimakawa ba, da gangan ake ɓoye kabari. A binne a tsakiyar hanya, a bi da kekunan shanu a kai don kada kyarkeci ya tono. Na Rebecca Winters kusa da Scottsbluff ya tsira ne saboda an sassaƙa sunanta da shekarunta 50 a jikin ƙarfen tayar keken shanu aka kafa, bayan kwalara ta kashe ta a 1852. Shi ma an matsar da shi a 1995 saboda ya yi kusa da layin dogo.

Sadiq_Fagge
Na gode ƙwarai. Wato ko dutse na asali ma ba lallai gawar tana ƙarƙashinsa ba?

Garba_Tudun_Wada
Sam ba lallai ba. Wild Bill Hickok, sanannen ɗan bindiga da aka harbe a garin Deadwood na Dakota ranar 2 ga Agusta 1876, a tsohuwar makabarta aka fara binne shi, a 1879 aka tono shi aka kai makabartar Mount Moriah a kan tudu saboda gari yana buƙatar filin. Shi sananne ne, an bi a hankali. Talakawa fa? A Denver a 1893 an bai wa wani ɗan kwangila aikin kwashe tsohuwar makabartar birni a kan dala 1.90 kowane akwati. Sai ya riƙa amfani da akwatunan yara, yana raba gawa ɗaya gida biyu uku don kuɗin ya ƙaru. Da asiri ya tonu aka soke kwangilar, aka baje wurin aka yi filin shaƙatawa na Cheesman, kuma ana ƙiyasin gawarwaki kusan 2,000 suna nan ƙarƙashin ciyawa. San Francisco ta kwashe matattunta zuwa Colma, duwatsun da dangi ba su karɓa ba aka yi magudanar ruwa da shingen bakin teku da su.

Baba_Tanko_Mai_Dutse
Yara, ku bari in yi magana kan dutsen kansa, domin masu kyakkyawar niyya sun fi ruwan sama ɓata shi. Kafin ka taɓa, ka duba ko yana girgiza, ko yana ɓarewa falle-falle kamar yadda dutsen yashi ke yi, ko in ka shafa yana zubar da gari kamar sukari kamar yadda tsohon mabul ke yi. In ɗaya ya faru, hoto kawai za ka ɗauka. In lafiyayye ne, ka tanadi ruwa kamar jarka ɗaya mai lita 20 wa dutse guda. Ka jiƙa shi sharkaf, ka goge da buroshi mai laushi daga ƙasa zuwa sama don kada dattin ya bar zane, kana yi kana ɗauraya. Gansakuka da tsinken katako ake cire ta. In ta ƙi, akwai ruwan magani mai suna D/2, a fesa, a jira minti 10 zuwa 15, a goge a ɗauraye, sauran aikin zai ci gaba da kansa cikin makonni. Ba a yi lokacin da ake sa ran ruwa zai daskare da dare.

Ban da bilic, yana barin gishiri a cikin dutse ya ci shi ta ciki. Ban da buroshin waya, ban da injin feshin wanke mota. Kada a shafa alli ko gari don rubutu ya fito. Madubi ya isa: ka karkato hasken rana ya kwanta a gefen dutsen, haruffan da ka ɗauka sun goge za su tashi. In ya karye, kada a dasa shi cikin siminti. Siminti ya fi shi tauri kuma yana riƙe danshi, sai ya sake karyewa daidai bakin simintin. Kwaɓin farar ƙasa ake amfani da shi. Tsofaffin ƙusoshin ƙarfe da aka haɗa dutse da gindinsa suna tsatsa su kumbura su tsaga shi.

Wanda kuka gani shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, rubutunsa tar kamar jiya aka yi, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar gwangwani, ba dutse ba ne, tutiya ce aka zuba a Bridgeport ta Connecticut aka aiko ta jirgin ƙasa.

Binta_Gwammaja
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kwanan watan da ke jikin dutse na asali fa, shi ma ana shakkarsa?

Baba_Tanko_Mai_Dutse
Ana yi, 'yata. Da yawa sai bayan shekaru dangi suke samun kuɗin dutse, su ba da shekara da ka. Kuma in dutse ya ci, 1 da 4 da 7 suna kama, 3 da 8 ma haka.

Ɗan_Damagaram
Akwai Musulmi a cikin waɗannan makabartu kuwa?

Malam_Sabo_Tarihi
Wanda aka fi sani Hadji Ali ne, wanda sojoji suka kasa faɗin sunansa suka mayar da shi Hi Jolly. Daga ƙasashen daular Usmaniyya aka ɗauko shi a tsakiyar shekarun 1850, lokacin da majalisar dokokin Amurka ta ware dala 30,000 don gwada raƙuma a hamadar kudu maso yamma. Ya rasu a Quartzsite ta Arizona a Disamba 1902, kuma a 1935 hukumar hanyoyin jihar ta gina masa ɗan dala na duwatsu da siffar raƙumi a sama. Shi kansa darasi ne kan maganar Hajiya Rabi: a 1880 ya yi aure a Tucson da sunan Philip Tedro. Mutum ɗaya, suna uku. Wanda ya nemi ɗaya kawai zai rasa kashi biyu na rayuwarsa.

Injiniya_Haruna
Inda sunaye suka fi cika shi ne haɗarin mahaƙa, domin kamfani yana da littafin albashi. Gobarar ramin jan ƙarfe a Butte ta Montana, 8 ga Yuni 1917, mutum 168 suka mutu. Dawson ta New Mexico, 263 a 1913, sama da 120 a 1923. Garin Dawson an rushe shi bayan an rufe ramukan a 1950, makabartar ce ta rage da jerin fararen gicciyen ƙarfe. Amma littafin albashi ma magatakarda Bature ne ya rubuta sunan Ba'italiye da Bagirke yadda kunnensa ya ji.

Sadiq_Fagge
To Hajiya Rabi, a ce mutum ya mutu a Tombstone a 1880, daga ina za a fara?

Hajiya_Rabi_Taska
Ka fara da wata, ƙanena. In kafin 1 ga Yuni ne, duba takardar mamata ta ƙidayar 1880. Sannan kada ka nufi gundumar Cochise, domin sai a Fabrairu 1881 aka yanke ta daga Pima, takardun kotu na 1880 a ƙarƙashin Pima suke, wato Tucson. Jaridar Epitaph ta Tombstone kuma ranar 1 ga Mayu 1880 ta fara fita, abin da ya gabaci haka sai ɗaya jaridar garin, Nugget, ko jaridun Tucson.

Garba_Tudun_Wada
Kuma in mutuwar ta faɗa ce, a karanta jaridun biyu. Epitaph tana bayan Wyatt Earp da 'yan'uwansa, waɗanda suka yi faɗan O.K. Corral, Nugget tana bayan abokin hamayyarsu Sheriff Behan, shugaban 'yan sandan gundumar, kowacce da yadda take ba da labari. Takardun hannu na binciken gawarwakin O.K. Corral ma sun daɗe ba a san inda suke ba, sai a 2010 ma'aikatan kotu suka ci karo da su a wani ɗakin ajiya a Bisbee, garin da aka mayar da hedikwatar gundumar a 1929.